Yadda Muka Raba Yarinyarmu da Robar Tsotso

Robar tsotso cikin kayan barka ta shigo mana. Wata abokiyar aikina ce ta kawo saitin fida, a cikin kwalin akwai robobi biyu ƙanana, na tura su ƙasan akwati ba da niyyar amfani da su ba. Lokacin ina gida wajen Umma ina wankan jego, haihuwar fari, kuma a gidanmu jariri ba ya rasa hannu. Yarinya na motsawa, kafin in yunƙura wata ta ɗauke ta, ko Umma, ko Gwaggo da ta zo zaman jego, ko ƙannena. Ranar da Umma ta ga robar a hannun ƙanwata cewa ta yi, "Ku mayar da abin nan inda kuka ɗauko shi. Yaro ya yi kuka a ba shi nono, in ya ƙoshi a goya shi. Haka muka raine ku."

Bayan arba'in na koma ɗakina, daga ni sai Abbanta, shi kuma sai bayan isha'i yake dawowa daga kasuwa. A daidai lokacin ne kukan yamma ya tsananta. Daga la'asar sakaliya za ta fara, ta sha nono ta ƙoshi har tana tumbuɗi, amma bakinta bai daina neman abin tsotsa ba. In na mayar da ita kan nono ta ja sau biyu, ruwan ya zubo mata, sai ta saki da sabon kuka, don ba abinci take nema ba. Likitocin yara sun daɗe da lura cewa kukan jarirai yakan kai maƙura wajen mako na shida, galibi da yamma, sannan ya lafa a wata na uku zuwa na huɗu. Tsotso kuma a wurin jariri ba na ci ba ne kaɗai. Wasu tun suna ciki ake ganinsu a hoton sikanin da yatsa a baki, saboda tsotson kansa yana kwantar musu da hankali.

Wata yamma na ɗauko robar, na tafasa ta minti biyar, na bari ta huce, na kai mata baki. Ta ɗan ture ta da harshe, ta sake kamawa, ta yi tsit. Ba zan ɓoye alherin da ta yi mana a watannin nan ba. Na samu ina sallar magariba a kan lokaci, ina ɗora tukunya in sauke ba tare da jaririya tana shiɗewa a bayana ba. Da hutun haihuwata na wata uku ya ƙare na koma makarantar da nake koyarwa, robar ce ta riƙe ta a gidan Hajiya, mahaifiyar Abbanta, tsakanin nonon da nake tatsa in bari da dawowata.

Tun a wurin awon ciki an gargaɗe mu game da roba, kuma gargaɗin na da tushe. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙaddamar a 1991 don asibitoci su ƙarfafa shayarwa ya hana ba jarirai masu shan nono roba kwata-kwata. A 2018 aka sassauta, aka ce a yi wa uwa bayanin amfani da haɗarin abin. Abin tsoron shi ne roba na iya rufe alamar yunwa: jariri ya nemi nono a toshe masa baki, tsotson nono ya ragu, ruwan nono ya bi shi ya ragu. Shi ya sa ake cewa a jira shayarwa ta kankama tukuna. Mu lokacin da muka fara, yarinya ta riga ta iya kama nono da kyau, sikeli kuma yana nuna tana ƙaruwa a duk zuwa rigakafi.

Wajen wata huɗu dare ya juya mana. Yarinyar da take yin barci mai tsawo a farkon dare, ta tashi ta sha nono ta koma, sai ta koma tashi kusan duk bayan awa guda. Ba kukan ciwo ba ne, ba kuma na yunwa ba. Za ta fara mutsu-mutsu, ta juya kai dama da hagu baki buɗe, sannan ta tsanyara. In laluba cikin gidan sauro in nemo robar, wani lokaci a ƙarƙashin wuyanta, wani lokaci ta gangara bakin katifa, in sa mata, ta koma barci nan take. Ni kuwa kafin nawa barcin ya dawo an kusa sake tashi. Da safe ga aji yana jirana. Na fara jin jiri a gaban allo, ina manta abin da na faɗa, ina jin haushin abin da bai kai ya kawo ba. Duk macen da ta taɓa shiga wannan hali ta san rashin barci ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba raki ba ne mutum ya ce ya gaji.

Shawarwari suka yi ta zuwa. Hajiya ta kira ni gefe ta ce, "'Yar nan, nonon ne ba ya isarta. Ki dama mata koko mai ruwa-ruwa da daddare, za ki ga ta kwana." Na ce, "To Hajiya, bari in kai ta awo mu ji." Ban yi musu da ita ba, don na san tausayina ne ya sa ta faɗa, amma na riga na ƙudurta nono zalla har wata shida, ko ruwa ban da shi. Maƙwabciyata ta ce haƙori ne, ta kwatanta mini wani gari da ake shafawa a dasashi. Wata ta ce in riƙa ɗiga mata maganin mura mai sa barci. Wata kuma ta ce in shafa zuma a kan robar, daɗin zai sa ta riƙe ta ba za ta saki ba.

Waɗannan ukun na ƙarshe sun tayar mini da hankali, kuma har yau in na ji ana ba wata uwa su sai na sa baki. A ƙarshen 2008 wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu sinadari mai guba a cikinsa, ya lalata ƙodar yara, fiye da 80 suka rasu a ƙasar nan, NAFDAC kuma ta kwashe shi daga kasuwa. Iyayensu ba wani abu suke nema ba illa 'ya'yansu su daina kuka. Maganin mura mai sa barci ba a yi shi don jarirai ba, yana iya danne musu numfashi. Zuma kuwa waraka ce, ban musa ba, muna shanta a gidanmu, amma hanjin jaririn da bai shekara ba bai yi ƙwarin da zai kare kansa daga wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta ba. In ta samu wuri tana fitar da dafin da ke saki jikin yaro, ya kasa tsotso, ya kasa numfashi da kyau. Sai an shekara ake ba yaro zuma, kuma babu wani abu mai zaƙi da ya kamata a shafa wa roba.

Addu'a dai ba mu bari ba. Kowane dare Abbanta yana tofa mata addu'ar neman tsari da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yake yi wa Hasan da Husaini. Muna yi, muna kuma neman sanin sababi.

A asibitin unguwarmu wata malamar jinya mai manyan shekaru ta ɗora ta a sikeli, ta duba katinta, ta leƙa kunne da baki, ta auna zafin jiki. Ta tambaye ni sau nawa take jiƙa famfas a yini, na ce ya fi shida. Ta ce to ba yunwa ba ce, layin nauyinta ma yana hawa yadda ake so. Sai ta yi mini tambayar da babu wanda ya yi mini a gida: "Maman bebi, in za ta yi barcin farko da daddare, me ke bakinta?" Na ce roba. Ta ce, "In ta farka kuma me kike yi?" Na ce ina mayar mata. Ta ce, "To ai ta faɗa miki abin da take nema."

Bayanin da ta yi mini, wanda na ƙara karantawa daga baya, shi ne barci ba shimfiɗa ɗaya ba ce daga dare zuwa safe. Zagaye-zagaye ne, daga mara nauyi zuwa mai nauyi a sake dawowa. Na babba yakan ɗauki kamar minti 90, na jariri bai cika kai awa guda ba. A ƙarshen kowane zagaye mutum yakan ɗan farka, ya gyara kwanciya ya koma, da safe ma ba zai tuna ba. Wajen wata uku zuwa huɗu barcin jariri yana sauya tsari ya fara kama da na manya, waɗannan 'yan farkawar sai su fito fili. In ya farka ya tarar da komai yadda ya bar shi, sai ya zarce. In wani abu ya ɓace, sai ya wartsake ya neme shi. Duk wanda ya taɓa kwanciya da fanka a watan Afrilu aka ɗauke wuta cikin dare ya san wannan farkawar: ba ƙara ce ta tashe shi ba, abin da ya yi barci da shi ne ya tafi. Yarinyata da roba take shiga barci, barci na yin nauyi bakinta ya saki, robar ta faɗi. Hannunta kuma bai kai ga lalubo ta ya mayar ba, don wannan dabarar sai wajen wata bakwai ko takwas yara suke iya ta. Saboda haka ni ce hannun.

Na dawo gida da niyyar jefar da robar a daren. Abin da ya dakatar da ni shi ne wani ɓangare na maganar da ban taɓa ji ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2005 take ba da shawarar a ba jariri roba lokacin kwanciya, saboda bincike ya nuna tana da alaƙa da raguwar mutuwar fuju'a da kan ɗauke jarirai cikin barci. Wannan mutuwar ta fi yawa tsakanin wata biyu zuwa huɗu, kuma mafi yawanta kafin wata shida take faruwa. Wato yarinyata tana tsakiyar watannin haɗarin ne, kuma ta riga ta saba. A ɗaya gefen, bayan wata shida roba tana ƙara yawan ciwon kunne, shi ya sa ake son a rage ta daga nan. A Ingila shawarar da ake ba iyaye ita ce a raba yaro da ita tsakanin wata shida zuwa shekara. Sai kuma wata jimla a cikin shawarar likitocin Amurka da ta sauƙaƙa mini komai: in robar ta faɗi bayan yaro ya yi barci, ba sai an mayar ba.

Muka zauna da Abbanta muka raba aikin gida biyu. Daga nan zuwa wata shida za mu bar mata robar a farkon barci kawai. In ta cika wata shida, mu cire gaba ɗaya.

Matakin farko ya fi buƙatar haƙuri fiye da yadda na zata. Da rana muka daina ba ta don ta yi shiru. In ta yi ƙorafi a ɗauke ta, a fita da ita tsakar gida, a goya ta. Wannan kaɗai ya rage mini wahalar tafasa, domin robar rana ita ce mai faɗuwa ƙasa, ta kwashi ƙura, ƙuda ya sauka a kai. Na sha ganin uwa ta ɗauki roba daga ƙasa ta tsotse da bakinta ta mayar wa yaro, ko ta goge da gefen mayafi. Ga gudawa, ga farin da ke fitowa a harshen jarirai, duk ta nan suke samun hanya. Igiyar da ake ɗaura wa roba a rataya a wuyan yaro don kada ta ɓace kuwa ban taɓa yarda da ita ba, tana iya shaƙe shi cikin barci. Kuma kafin kowane amfani nakan ja kan robar in gani ko ya fara tsagewa, don zafin garinmu da yawan tafasa suna cinye ta da wuri.

Da daddare kuma na koyi jira. Da, motsi ɗaya za ta yi hannuna ya kai. Yanzu sai in kwanta in saurara. Abin mamaki, sau da dama mutsu-mutsun da ƙananan kukan ba farkawa ba ne, idonta ma a rufe yake, in na ƙyale ta sai ta koma da kanta. In abin ya wuce haka, in ɗora tafin hannuna a ƙirjinta, in ɗan bubbuga, in yi mata shiii a kunne. In ya ƙi, in ɗauke ta. In lokacin shan nono ya yi, in ba ta. Robar ta zama abin ƙarshe da nake kaiwa gare shi, ba na farko ba. Yarinyar tana kwana a ɗan gadonta da ke manne da namu, cikin gidan sauro, a rigingine, ba filo ba tarin zannuwa. Gwaggo ta so a riƙa kwantar da ita ruf da ciki, wai ta fi daɗewa tana barci, amma kwanciyar rigingine ita ce babbar kariya daga waccan mutuwar ta cikin barci, ta fi robar kanta muhimmanci, don haka a nan ban sassauta ba.

Akwai abin da nake so a fahimta a nan, don na ga ana haɗa shi da matsalar roba alhali daban yake. Tashin jariri ya sha nono da daddare ba cuta ba ce da za a yi wa magani. Cikinsa ƙarami ne, nono kuma yana saurin narkewa. Sinadarin da ke sa jikin uwa ya samar da nono ya fi yawa da daddare, saboda haka shayarwar dare tana riƙe ruwan nono, musamman ga irina da ke wuni a wurin aiki. Tana kuma cikin abin da ke jinkirta dawowar al'ada. Kariyar da shayarwa ke bayarwa daga kwanika tana aiki ne in yaro bai wuce wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Macen da ke toshe kowane kukan dare da roba tana iya raunana wannan ba ta sani ba. Ni burina bai taɓa zama yarinya ta kwana ba motsi ba. Burina shi ne tashin yunwa ya tsaya, tashin neman roba ya tafi.

Yadda nake bambance su ba wuya in an natsu. Mai yunwa in ta kama nono za ka ji haɗiya, ja mai zurfi a jere, ta ɗauki lokaci, nonon ya yi sauƙi. Mai neman abin tsotsa kawai za ta ɗan motsa leɓe, kafin ka ankara ta yi barci.

Da wannan matakin tashin ya ragu, amma bai tafi ba. Na gwada wata dabara da ake yawan faɗa, ta zare robar a hankali in tsotson ya yi sanyi kafin barci ya yi nauyi, don ta ƙarasa shiga barcin da bakinta wayam. Wasu yaran tana yi musu aiki. Tawa da zarar ta ji an zare sai ta buɗe ido tar, mu koma farko, kuma na lura abin yana ƙara fusata ta, a ba ta a ƙwace, a ba ta a ƙwace. Na bar shi.

Ta cika wata shida a farkon hunturu. Muka fara ba ta kunu da ɗan abinci mai laushi, muka bari ta saba da wannan tukuna, don ban so a haɗa mata sauyi biyu a lokaci guda. Muka zaɓi daren Juma'a, tunda ba ni da makaranta washegari. Kafin nan na je na sami Hajiya na yi mata bayani, don yarinya a hannunta take wuni, in ana hanawa a nan ana bayarwa a can wahala kawai za a sha. Na yi zaton sai na yi dogon lallashi. Sai ta ce, "Ai ni dama ban taɓa son abin nan ba, don dai kin kawo ne. Kawo majanyi, ki bar ni da ita." Na kuma gaya wa maƙwabta, saboda gidan haya ne, bango ɗaya ya raba mu, kada su ji kuka su ɗauka wani abu ne.

Mun yi wa juna alkawari ɗaya da Abbanta: ba za mu bar ta ta yi kuka ita kaɗai ba. Na karanta hanyoyin da wasu ke bi na rufe ɗaki a riƙa leƙowa lokaci-lokaci. Ban ce masu yi ba sa son 'ya'yansu ba, amma ba irin zamanmu ba ne, ɗaki ɗaya muke kwana da ita, kuma zuciyata ba za ta ɗauka ba. Abin da muka cire roba ce, ba rarrashi ba.

Tun makonni kafin nan na tsara mata abin da za ta riƙa gane dare da shi. Wanka da ruwan ɗumi bayan magariba, shafa mai, kayan sanyi, nono da fitila a kunne don kada ta yi barci a kai, gyatsa, addu'a, sannan a kashe fitila. A daren farko muka yi duk wannan, na kwantar da ita, ta buɗe baki tana jira, ba ta ji komai ba. Kukan da ta yi na daren nan har yanzu ina jin sa. Ba na ciwo ba ne, na neman abin da ta saba ne, tana juya kai tana kallona. Na ɗauke ta na rungume, ta lafa, na kwantar, ta sake. Da na ji ƙirjina ya fara nauyi Abbanta ya ce, "Kawo ta, je ki falo ki sha ruwa." Ya ɗora ta a kafaɗa yana zagaya ɗaki yana karatu a hankali har jikinta ya saki, ya kwantar da ita da hannunsa a kanta.

Shigowarsa cikin aikin ita ce ta sa abin ya yiwu, kuma dalilin a fili yake. A hannuna tana jin ƙanshin nono, in ba roba to nono za ta nema, ni kuma a gajiye zan bayar. Da an bi ta haka, da nono ya maye gurbin roba, ta ci gaba da tashi duk awa, sai dai yanzu babu mai iya mayar da ita sai ni. Don haka muka raba dare. Daga kwanciya zuwa tsakar dare, in ta tashi, nasa ne. In ta kai lokacin da yunwa za ta iya kama ta, in karɓa in shayar da ita sosai, in zare nonon kafin ta nutse, in kwantar. Maza da yawa a wurinmu suna ganin dare na uwa ne. Ina faɗa da girmamawa cewa 'yan kwanakin da uba zai bayar a irin wannan lokaci suna sauya lafiyar gidan gaba ɗaya.

Dare na biyu ma ya yi tsanani, wataƙila don mun shige shi da gajiyar na farko. Daga nan kukan farkon barci ya fara gajarcewa. Kafin mako ya zagayo, in na kwantar da ita sai ta yi ta gurnani tana murza fuska a katifa, ta kama gefen rigarta, ta yi barci. Tashin kowace awa ya watse. Rana kuwa ba ta ba da wahala ba sam, domin a bayan Hajiya ba ta taɓa tambayar roba ba. Goyo ya haɗa ɗumi da motsi da bugun zuciyar mai goyon, jariri ba ya neman ƙari a kai.

Na yanke robobin biyu da almakashi na zubar tun a safiyar farko. Shawarar malamar jinyar ce, ta ce muddin tana cikin gida, akwai daren da za a ɗauko ta. Daren kuwa ya zo. Da hunturu ya yi ƙarfi mura ta kama ta, hanci ya toshe, jiki ya yi zafi, ta koma tashi ba adadi. Muka kai ta asibiti aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, babu, aka duba kunne, lafiya, aka ba mu ruwan gishirin da ake ɗigawa a hanci. A waɗannan kwanakin na ajiye duk wani tsari. Ta sha nono duk lokacin da ta so, ta yi barci a ƙirjina ina zaune idona biyu, in na ji barci zai ɗauke ni in miƙa wa Abbanta ko in mayar da ita gadonta. Yaro mara lafiya ba a koya masa komai, jinya ake yi. Da ta warke sai da muka ɗan sake bin matakan, amma ba ta nemi roba ba, ta riga ta manta da ita. Shi ya sa in wata ta tambaye ni lokacin farawa nake ce mata ta kauce wa lokacin ciwo, da makon rigakafi, da lokacin tafiya biki ko ƙaura.

Ba kowace uwa ce ke buƙatar bin hanyar nan ba. Akwai yaran da robar ke faɗuwa su ci gaba da barcinsu, waɗannan babu dalilin tayar da hankali. Akwai iyayen da suka gwammace su daure har yaro ya iya mayar da ita da kansa, sannan su raba shi da ita daga baya, kafin ta fara tura haƙoran gaba, abin da likitocin haƙori ke gargaɗi a kai in an wuce shekara biyu zuwa uku ana tsotso. Bakwaini kuma maganarsu daban ce, a asibiti ma akan ba su abin tsotsa don su koyi tsotso, wannan sai da shawarar likita.

Yanzu ta wuce wata tara, an yi mata allurar ƙyanda, nauyinta yana kan layi. Har yanzu tana tashi shan nono, galibi sau ɗaya cikin dare sai kuma gab da asuba, kuma ban da niyyar hana ta. Wani sabon abu da ya ɓullo shi ne babban yatsanta na hagu, da take kaiwa baki in barci ya fara ɗibarta. Hajiya ta ce a shafa masa maɗaci tun bai zama jiki ba. Na roƙe ta mu dakata, don yawancin yara suna bari da kansu tsakanin shekara biyu zuwa huɗu, kuma ita tata iyakarta bakin barci, da rana hannun yana wurin wasa da rarrafe. Na ce in mun koma awo zan nuna wa malamar jinyar, Hajiya ta ce za ta raka ni ta ji da kunnenta.